Yayana Yana Faransa

A gidanmu na Gaya, lokacin da nake tasowa, duniya kashi uku ce a bakin Inna, mahaifiyarmu. Akwai ƙasarmu, akwai Makka, sai kuma Faransa. Faransa a wurinta ita ce duk abin da ke bayan Daura, inda Buzaye ke fitowa da kanwa da dabino a kan raƙuma. Ba ita kaɗai ba ce, haka kowa ke faɗi a kasuwa. Za ka ji an ce wane ya shiga Faransa sayen awaki, jibi yana hanya, kuma ba mai tambayar wace.

Mu biyu ne maza a ɗakinta. Mahaifinmu mahauci ne, yana kuma noma gandun gado a gabas da gari. Yayana ya gaji wuƙa tun yana ƙarami. Ni kuwa aka kama ni aka kai boko, don a lokacin masu gari ba sa son ba da nasu, sai su nuna 'ya'yan irinmu. Mahaifinmu ya rasu ina makarantar horon malamai. Da na gama aka tura ni koyarwa a firamaren Ajingi, ina zuwa gida a keke duk ƙarshen mako.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba Yaya ya tafi cin rani. An gama roron gyaɗa, ya ɗaure wuƙaƙensa a tsumma, ya ce zai leƙa arewa ya yi tsire ya dawo kafin ruwan shuka. Ya bar matarsa da goyon mace. Ba abin mamaki ba ne, rabin samarin unguwarmu haka suke yi. Ruwan shuka ya sauka, sauran suka dawo da barguna da fitilu, shi bai dawo ba. Na nemi ɗan ƙwadago, ni ma ina shiga gonar ranar Lahadi, muka yi noman shekarar. Wata daminar ta sake zagayowa, shiru.

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. In mata suka zo jaje sai ta ce yaro ne da ƙafafunsa, ta shiga wata maganar. Duk abin da ta haɗiye a gabansu, ni take sauke wa. In na iso ranar Juma'a da yamma, tun ban jingine keke ba za ta tambaye ni ko na ji labarin wancan. Haka take kiransa, wancan.

Labari na farko wani falke ɗan Kademi ne ya kawo shi, mai safarar goro. Ya zo takanas ya yi sallama a zaurenmu, aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta tsaya a bayan zana tana ji. Ya ce a kwantar da hankali, Yaya yana nan lafiya, yana Faransa, har ya kafa tukubarsa ta gasa nama. Na yi masa godiya, sannan na tambaye shi a wane gari. Ya ce shi dai bai gan shi da idonsa ba, wani abokin tafiyarsa ne ya ci tsire a wurinsa, suka yi hira, ya ce a faɗa wa mutanen Gaya. Na ce abokin nasa daga ina ya fito. Ya ce mutumin yawo ne, yana zuwa Damagaram, yana zuwa Kwatano, har Abijan yakan je. Na ce to a cikinsu ina ne ya ci tsiren. Mutumin ya dube ni kamar na tuhume shi da ƙarya, ya ce ai duk Faransa ce, kuɗinsu ɗaya, yarensu ɗaya. Ya shanye furarsa ya tafi.

Ina shiga cikin gida na tarar Inna ta riga ta yanke hukunci. Ta ce tunda Faransa ce ai kusa ne, hutu na zuwa in je in taho da shi. Na fara yi mata bayani cewa ƙasashen da ake Faransanci suna da yawa, kuma wasu sun fi Makka wahalar zuwa. Ta ci gaba da tankaɗe, na ɗauka ta gane.

Mako na gaba na roƙi hedimasta ya ara mini taswirar da ke rataye a ajin manya. Na naɗe ta, na ɗaure a bayan keke tun daga Ajingi, na shimfiɗa ta a tsakar gida, na danne gefunanta da taɓarya da dutsen niƙa. Na nuna mata Kano, na ce ga mu nan. Na nuna Nijar a samanmu, Cadi da Kamaru a gabas, Dahome da Togo a yamma. Na ja yatsa zuwa Bolta, Mali, Gini, Sanagal, har bakin teku. Na sauko Gabon da Kwango. Na ce duk waɗannan Faransanci gwamnatinsu ke yi, kuma ita Faransar ta ainihi tana can ƙetaren wani teku, ƙasar Turawa ce. Matar Yaya ta leƙo daga madafa tana kallo, 'yar ta rugo za ta taka Afirka aka ɗauke ta.

Inna ta daɗe tana duban takardar. Ta ce ita a saninta, mutanen da ke yare ɗaya ƙasarsu ɗaya. Na ce ai mu da Gana da Saliyo duk Turancin Ingila muke a ofis, amma ƙasashe daban ne. Ta ce ita ba ta Turanci, ba ta kuma san mai yi ba a unguwar nan sai ni. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Malam, in ba ka son zuwa ka ce ba ka son zuwa. Ka daina ƙara wa duniya ƙasashe."

Ba ta kirana Malam sai ranta ya ɓaci. Na naɗe taswirar raina a jagule. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san gaskiya nake faɗi, kuma na ga ba ta da wani amfani a gidan.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara na tafi. Na hau babbar mota a tashar Gaya, a kan buhunan gyaɗa, muka bi ta Wudil zuwa Kano. Daga can wata motar ta kai mu Daura, muka ƙetare iyaka. Ina ta zullumin yadda zan yi da yare, sai na tarar kowa Hausa yake yi, tun daga mai shayi har mai gadin tasha. Hausarsu ce dai ke da ɗan lanƙwasa, suna cewa lakwal in suna nufin makaranta. Faransancin bai fito ba sai a shingen jandarmomi. Wani jandarma da na ji da kunnena yana tsokanar mai tallan ƙosai da Hausa tsantsa, yana juyowa kaina sai ya koma Faransanci. Ya ga wando da riga irin na malaman makaranta, ya ga alƙalami a aljihuna. Na ce masa ba na ji. Ya ƙara ɗaga murya da yaren. Na gwada Turanci, ya yi kamar an zage shi. Ya tsayar da ni a rana har direba ya fara barazanar tafiya ya bar ni, sai wani tsoho fasinja ya sauko ya yi masa magana a kunne. Da zai sallame ni ya ce, da Hausa, in gaida Kano.

A Damagaram na nemi sarkin fawa. Mutumin kirki ne, ya saukar da ni a gidansa da ya ji ni ɗan mahauci ne. Na kwatanta masa Yaya: dogo, mai tabon wuƙa a babban yatsan hagu, mai yawan dariya. Nan take ya gane shi. Ya ce Bakanon nan mai balangu, ai ya zauna da su, yajinsa ya yi suna a tasha. Amma ya daɗe da barin garin, ya bi wasu direbobi gabas, ana cewa Fallomi suka nufa, babban birnin Cadi da yanzu ake kira Injamena.

Na dawo Gaya da wannan labari da tsarabar dabino. Inna ta saurara har na gama, ta tambaye ni ko Fallomin ba Faransa ba ce. Na ce Faransanci ake yi a can. Ta ce to me ya hana ni ƙarasawa tunda na riga na shiga ƙasar. Na ce wata ƙasar ce, kuma daga nan Kano ma ta Maiduguri ake bi, ga shi an kusa komawa makaranta. Ta ce ta ji. Dabinon ma maƙwabta ta raba wa.

A wannan shekarar na sayi rediyo mai batir, na kawo mata don ta riƙa jin Kaduna ta ɗebe kewa. Wata rana 'yar Yaya ta murɗa shi tana wasa, ya faɗa wata tasha da ake zuba wani yare ta hanci. Inna ta tambaye ni wane yare ne, na ce Faransanci. Ta ce me suke cewa. Na ce ban sani ba, ba a koya mana shi ba. Ta yi mamaki ƙwarai cewa na yi shekaru ana ciyar da ni a makaranta, amma yaren maƙwabta ma ban iya ba. Daga ranar ta hana a mayar da rediyon Kaduna. Tana daka, tana kaɗi, Faransanci na tashi a gefenta. In ka murza kaɗan wata tashar ce, ita ma Faransanci, ka ƙara murzawa wata ce. Na ce mata kowace tasha daga ƙasa daban take. Ta ce ita duk murya ɗaya take ji. Ban taɓa jin ta faɗi abin da take nema a ciki ba. Ina jin tana so ne ta ji abin da ke shiga kunnen ɗanta. Batir ya ƙare, in sayo wani.

Lokacin ne aka kawo wani magini ɗan Dahome yana gina ɗakin shan magani a Ajingi. Yana jin Hausa daidai gwargwado, muna sallah a masallaci ɗaya, muka saba. Na yi dabara na ce bari in kai shi gida, watakila in ta ji daga bakin mutumin Faransa da kansa za ta yarda. Na goya shi a keke ranar Asabar. Inna ta sa aka dama masa fura da nono mai kyau, ta zauna daga bakin ƙofa, ta tambaye shi ko ya san wani mahauci ɗan Gaya a ƙasarsu. Ya ce mahauta Hausawa suna ko'ina, amma bai san wannan ba. Na ce ya gaya mata inda ake Faransanci. Mutumin nan ya ji daɗin tambayar. Ya lissafa duk waɗanda na taɓa nuna mata, ya ƙara da wasu da ni ma ban sani ba. Ya ce akwai wani babban tsibiri a gabashin Afirka, Madagaska, akwai ƙananan tsibirai a tsakiyar teku da baƙaƙen mutane irinmu ke zaune. Ya ce Larabawan Aljeriya da Maroko suna yi, rabin Beljiyam suna yi, har wani yanki na Kanada inda sanyi ke daskarar da ruwa. Yana faɗi yana murmushi, kamar gonakinsa ne yake nuna mana.

Ina kallon fuskar Inna tana canzawa. Ni na kawo shi ne don ya nuna ina da gaskiya, ban yi tunanin abin da kowace sabuwar ƙasa za ta yi wa zuciyarta ba. Da ya tafi wanke hannu ta ce mini kada in ƙara kawo mata shi, mun haɗa baki. Ta ce kuma in dawo mata da ƙwaryarta. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Duk da haka na riƙa zuwa wurin maginin bayan an tashi makaranta yana koya mini gaisuwa da tambayar hanya, ina shirin tafiya Fallomi. Yaƙin basasa ya ɓarke, tafiye-tafiye suka yi wuya, ko'ina shinge. A cikin wannan zaman jiran ne matar Yaya ta gaji. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, ta yi haƙurin da ba kowa zai yi ba. Iyayenta suka kai magana gaban alƙali, aka kira ni a matsayin ɗan'uwan miji. Alƙali ya tambaye ni inda yake. Na ce labarin ƙarshe da muka samu yana Cadi, amma ba tabbas. Ya ce wasu sun shaida masa yana Faransa. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga duk zauren ni ake kallo, na ce haka ne, ranka ya daɗe. Aka raba auren. Ta bar mana 'yar, wadda ta isa shiga makaranta, na ɗauke ta na kai ta Ajingi wurin matata, don a lokacin na yi aure. Inna ta ce da na ƙarasa Fallomi tun farko, da ɗakin nan bai zama kango ba.

Bayan an gama yaƙi na tafi. Tafiyar ta fi ta Damagaram wahala nesa ba kusa ba. Daga Maiduguri muka bi wata hanya mai laka, muka ratsa wani yanki na Kamaru, sannan aka ƙetare da mu kogi a jirgin fito. Na iso da 'yan kalmomina na Faransanci a baki, na gaida wani mai sayar da ruwa da su, ya amsa mini da Larabci. Ashe a kasuwar garin wani irin Larabci ake yi, Faransancin yana can cikin ofisoshi da bakin 'yan makaranta. A unguwar Hausawa na sami mahauta. Su ma sun san shi. Wani har ya nuna mini tukubar da ya gina, wani Bakatsine ne ke gashi a kanta. Suka ce ya daɗe da yin kudu, wasu suka ce Bangi, birnin wata ƙasar da ke kudu da Cadi, wasu suka ce Duwala a Kamaru. Gardama ta kaure tsakaninsu a kan wanne ne, ni ina zaune a kan benci ina jin ƙamshin nama, zazzaɓi na fara kama ni. Na tambayi nisan Bangi, suka yi dariya, suka ce in damina ta sauka sai dai in jira kaka.

A nan na haƙura. Na dawo da zazzaɓin da ya kwantar da ni makonni, ga hedimasta na jira da faɗa don na makara komawa aiki. Na gaya wa Inna ba zan ƙara zuwa ko'ina ba. Na ce in mutum yana raye ya san hanyar gidansu. Ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Daga ranar ta daina tambayata labarin wancan, sai ta koma tambayar mutanen waje. Duk alhajin da ya dawo ta hanyar ƙasa, duk falken da ya sauka a Gaya, sai ta aika masa da tuwo, a tambayo. Wani ya ce an gan shi a Yawunde ta Kamaru. Wani ya ce a Barazabil ta Kwango, a bakin wani kogi mai faɗi. Kowanne ya faɗa, za ta sa a gaya mini ta bakin matata, ni kuma in yi kamar ban ji ba. Gandu kuwa ya zama nawa ni kaɗai, ga aji, ga keke tsakanin Ajingi da Gaya, ga shekarun fari da suka zo suka ƙone gero a tsaye.

Damina ta farko mai kyau bayan farin nan, ina cikin aji da hantsi, wani direban ƙaramar motar haya da ke zuwa Kano ya tsaya a bakin makaranta ya aiko a kira ni. Ya ce ya sauke wani mutum a tashar Gaya da akwati da rediyo babba, mutumin ya ce shi yayan malamin Ajingi ne. Na nemi izini, na goya 'yar, wadda ta zama budurwa 'yar ajin ƙarshe, muka kama hanya.

Zaurenmu ya cika da maza har waje. Yana zaune a tsakiya cikin wata riga mai gajeren hannu da manyan aljihu, ya yi furfura a gemu, yana ba su labarin teku da jiragen da ke lodin katako. Da ya gan ni ya yi dariyar nan tasa, ya miƙo hannu yana zaune, ya ce Malam an yi tumbi. Kamar jiya muka rabu. Na nuna masa 'yarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda take gaida kowane baƙo, ta wuce cikin gida.

Inna tana ɗakinta, ta ƙi fitowa. Ya shiga ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana duban bango, kamar yadda kunyar ɗan fari ta tanada. Amma ta sa an kama kaji, ta fito da man shanun da take ɓoyo, ta tura ni in yanka, in sayo itace, in nemo tabarmi a maƙwabta. Ina ta kai da kawo har la'asar.

Sai washegari, da muka fita duba gona mu biyu, na samu na tambaye shi. Ya ce daga Gabon yake, garin Liburabil, an fara matsa wa baƙi da maganar takardu, shi ya sa ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, ya shigo jirgin ƙasa. Na ce kafin nan fa. Ya fara lissafi yana tsinkar ciyawa: Damagaram, Fallomi, Bangi, ya ɗan taɓa Duwala da Yawunde, ya zauna Barazabil. Duk labarin da aka taɓa kawo mana gaskiya ne, sai dai kowanne yana iso mu bayan ya daɗe da tashi daga wurin. Na ce masa na je Damagaram, na je Fallomi, na kusa mutuwa a hanya. Ya ce wayyo, da na ƙarasa Bangi a lokacin ma ba zan same shi ba. Na tambaye shi me ya hana shi aiko da saƙo.

"Na aiko mana. Duk ɗan ƙasar Kano da na gani sai na ce ya faɗa muku ina Faransa, lafiya lau."

"Wane gari, Yaya? Me ya hana ka faɗi gari?"

"To ai ban san zan daɗe a ko'ina ba. Kullum cewa nake bana zan koma."

Na tsaya a tsakanin kunyoyin gonar ina dubansa. Na shirya maganganu da yawa a cikin shekarun nan, a kan keke, a bayan mota, a gadon jinya. Ba ko ɗaya da ta fito. Shi kuwa ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce gonar tana son taki.

A satin Inna ta aika da zakara da ƙwaryar gero Kademi, gidan falken nan mai goro, ta ce shi ne mutumin da ya fara faɗa mata gaskiya. Ni ba ta taɓa tayar mini da maganar tafiye-tafiyena ba, har ta koma ga Allah bayan wasu shekaru.

Yaya ya ce zai koma sana'arsa. Gaya ta cika da mahauta matasa da ba su san shi ba, saboda haka na nema masa wuri a kasuwar Ajingi, na yi magana da sarkin fawa, na taya shi gina tukuba kusa da inda motocin Kano ke lodi. Hannunsa na nan yadda yake, yajinsa ya fi na kowa. Faransancinsa kuwa, bayan duk shekarun nan, bai wuce na ciniki da zagi ba, don a unguwannin Hausawa ya yi zamansa. Amma akwai kalma ɗaya da ta manne masa a baki. A can, in za a girmama namiji mai saye, mushe ake ce masa, wato kamar a ce maigida. Ranar kasuwa ta farko wani dattijo Bafulatani ya tsaya gaban tukuba, Yaya ya washe baki ya ce, sannu da zuwa mushe, na nawa za a ba ka. Dattijon ya ɗaga sanda. Da ƙyar aka raba, ni aka kira daga makaranta in ba da haƙuri, in yi bayanin cewa ba mataccen da ba a yanka ba yake nufi.

Na ja masa kunne, ya yi alkawari, amma bakin ya riga ya saba. Kafin wata ya ƙare yaran tasha sun laƙaba masa sunan. In baƙo ya sauka daga mota ya tambayi mai tsire, sai a ce ya je wurin Mushe. Ba wanda zai ci naman mahaucin da ake kira haka, ko da ya san wasa ne. Mata suka hana 'ya'yansu saye. Wani malami ya aiko a tambaya ko da gaske a ƙasar da ya fito ba sa yanka. Na bi gida gida ina bayani, na yi a masallaci, na yi a ɗakin malamai, kowa ya yi dariya ya ce ya gane, amma naman yana kwana.

Da kaka ta yi ya rushe tukubar da kansa, ya ba wani yaron sarkin fawa wuƙaƙen mahaifinmu, abin da bai yi shawara da ni ba. Ya sayi tebur da babbar buta, ya koma sayar da shayi da burodi a wurin. Ya iya haɗa shi da kauri irin na can, direbobi suka so shi, kuma sunan bai hana kowa shan shayi ba. 'Yarsa ce ke wanke masa kofuna ranar kasuwa, a hankali suka fara hira, har na riƙa jin dariyarsu daga nesa.

Ni ma nakan tsaya in an tashi makaranta. Yakan zuba mini ba tare da na tambaya ba, ya yanko burodi ya shafa man shanu ya turo gabana. Mukan yi maganar ruwa, da taki, da ciwon ƙafar Inna. In direbobi suka taru suka ce ya ba su labarin ƙasashen da ya zaga, sai in shanye shayina da zafinsa in hau keke.